Ruwan zafi ya zo ya ɗauke: abin da ke sa na'urar ɗumama ruwa tsayawa ana tsakiyar wanka

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa a kudancin jihar Damagaram, wankan asuba da ruwan randa sai mai ƙarfin hali. A Waca da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, yawancin gidaje har yau tukunya ake ɗorawa a murhu, a sirka a bokiti, a shiga bayi. Hanyar tana cin itace, amma ruwan da mutum ya ɗiba da shi zai gama wankansa. Gidajen da suka saka na'urar ɗumama ruwa kuwa, irin na wasu 'yan kasuwa da ma'aikata da masaukan baƙi, wata damuwar ce ke samunsu: a buɗe famfo ruwa ya zo da zafi, a shafa sabulu, sai ya koma sanyi ƙarara, bayan ɗan lokaci kuma ya dawo da zafin da zai iya saɓule fata.

Idan haka ta faru, abin da mai gida ke fara cewa shi ne na'urar ta mutu. Wasu har sabuwa suke saye, ita ma ta ci gaba da halin tsohuwar. Na'urar da ta mutu ba ta ba da ruwan zafi ko kaɗan. Wadda ke bayarwa tana ɗaukewa tana aiki, wani abu ne ke tsayar da ita, kuma galibi ba a wajen wuta yake ba, a wajen ruwan da ke shiga cikinta yake.

Iri biyu ne, ba a gyara su da dabara ɗaya

Duk na'urorin da masu gyaran famfo a Nijar ke kira shofo, daga kalmar Faransanci, 'yan Najeriya kuma su ce hita, sun kasu gida biyu. Akwai masu ajiya: tanki ne mai cin lita 50 ko 80 ko 100, wanda wutar lantarki ko zafin rana ke ɗumamawa a hankali, ruwan ya zauna yana jiran mai wanka. Akwai kuma marasa ajiya, waɗanda ke ɗumama ruwa a daidai lokacin da yake wucewa ta cikinsu. A wannan gida na biyu ne ƙaramin shofo mai aiki da gas yake, wanda ake kafewa a bango. A nan ne kuma babbar yayarsa take, wadda a Ingila ake ce wa kombi, a Faransa da Beljiyam kuma shodiyar. Ita aiki biyu take yi, tana ɗumama ɗakuna tana kuma ba da ruwan wanka.

Dabarar ta tsufa. Wani Bature mai suna Benjamin Waddy Maughan ya ƙera irin ta farko a Landan a 1868, kuma Johann Vaillant ya yi wa tasa rajista a Jamus a 1894. Halinta ɗaya ne: ba ta san ko mutum yana jin sanyi ba, gudun ruwa kawai ta sani.

A cikin shofo mai gas akwai lanƙwasasshen bututu na jan ƙarfe da ke saman murhun. A ƙasa kuma, inda ruwan sanyi ke shiga, akwai wani faifan roba. Idan aka buɗe famfo ruwa ya fara gudu, sai ya tura faifan, faifan ya tura wani ɗan tsinken ƙarfe, tsinken ya buɗe hanyar gas ya kuma taɓa abin da ke ƙyasta wuta. Idan gudun ya ragu, faifan ya koma mazauninsa, gas ya rufe, wuta ta mutu. Da gangan aka yi shi haka, domin wuta mai wannan ƙarfi a ƙarƙashin bututun da ruwa ba ya gudu a ciki za ta tafasa ruwan cikin 'yan daƙiƙoƙi ta fasa bututun. Yawancinsu suna bukatar aƙalla lita biyu zuwa uku a minti ɗaya kafin su kama. Ruwan da ke yawo a daidai wannan iyaka, yana ɗan haurawa yana ɗan saukowa, shi ne ke sa wuta ta kama ta mutu, ta kama ta mutu.

Ƙarfin ruwa, uwar matsalar

A nan ne garuruwa irin su Waca suka bambanta da ƙasashen da aka ƙera na'urar dominsu. A Turai ruwan famfo kan shigo gida da ƙarfin bar biyu zuwa uku ko fiye, dare da rana. A nan kuwa ruwa daga shato yake saukowa, ko daga tankin da aka ɗora a rufin gida, kuma babu abin da ke tura shi sai tsayin wurin da yake. Lissafin mai sauƙi ne: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da bar ɗaya. Tankin da ke kan rufin gida mai hawa ɗaya, wanda saman ruwansa bai fi mita biyu ko uku ba a kan bakin shawa, bar 0.2 zuwa 0.3 kawai yake bayarwa. Wannan shi ne ƙarshen abin da shofo da yawa ke iya tashi da shi. Idan tankin yana cike na'urar ta kama. Da ruwan ya sauka da rabin mita, sai ta fara tsayawa. Mai gida ya rasa gane dalilin da ya sa jiya ta yi aiki yau ta ƙi, alhali ba abin da ya sauya sai ruwan da aka kwashe aka yi wanki da shi.

Ruwan gari ma haka yake. A manyan birane kamfanin NDE ne ke rarraba ruwa, shi ne ya gaji SEEN a farkon 2024, a ƙananan garuruwa kuwa sau da yawa ƙaramar hukuma ce ke damƙa riƙon famfo a hannun wani ɗan kasuwa ko kwamiti. Inda injin da ke cika shato da hasken rana yake aiki, shato kan cika da rana ya kwana yana raguwa, saboda haka lokacin da ya fi rauni shi ne sassafe, daidai sa'ar da kowa ke son wanka, mata kuma sun jera bokitai da jarkoki a famfunan unguwa. Na'urar da ke aiki lafiya da azahar ta ƙi da asuba ta riga ta faɗi ciwonta da bakinta.

Ana iya auna gudun ruwa ba tare da wani kayan aiki ba. A samu gorar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi, a buɗe famfon ruwan zafi har ƙarshe, a tara. Idan ta cika cikin daƙiƙa 30, gudun lita uku ne a minti, wato a bakin iyaka ake. Idan ta haura haka, ba a ma kai iyakar ba. Idan ta cika cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka, ruwa ya wadata, sai a nemi laifin a wani wuri. Ya kamata a yi awon sau biyu, da safe da kuma da rana, a kuma gwada famfon sanyi na kusa don a kwatanta. Idan dukansu biyun suna da rauni, matsalar daga tanki ce ko daga layin gari. Idan na sanyi yana da ƙarfi na zafi ne kaɗai ke tsiyaya, to akwai abin da ya toshe tsakanin mashigar na'urar da bakin famfo.

Abin da ke toshewa kuwa yawanci ƙarami ne. A mashigar ruwan sanyi akwai 'yar rariya, wata kuma a bakin famfo, ga ƙananan hudojin kan shawa. Ruwan rijiya da na burtsatse a ƙasa mai rairayi irin ta kwarin Korama ba ya rasa yashi, tankin da ba a rufe da kyau ba kuma ƙurar hunturu tana sauka a cikinsa. A rufe ruwa, a kwance rariyar, a wanke ta da tsohon burushin haƙori, a mayar. Aiki ne na minti goma wanda ya hana mutane da yawa sayen abin da ba su bukata. Hanyar gane laifin kan shawa ita ce a cire shi a bar tiyo kawai: idan wuta ta zauna daram, shi ne. Tiyon da ya lanƙwashe ko robarsa ta ciki ta kumbura shi ma yana shaƙe ruwa.

Idan ta tabbata tsayin tanki ne bai kai ba, magani biyu ne. Ko a ɗaga shi a kan hasumiyar ƙarfe, ko a saka ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa a gaban na'urar. Injin ya fi sauƙin kafawa, sai dai da lantarki yake aiki, ranar da babu wuta an koma gidan jiya. Wanda bai riga ya sayi shofo ba ya nemi irin da aka rubuta cewa yana tashi da ruwa maras ƙarfi, ya kuma duba lambar bar ɗin da ke jikin kwalin.

Kuskuren da ake yi a bakin famfo

Akwai tsayawar da mai wanka ne ke jawo ta da hannunsa bai sani ba. Ya murɗa makunnin gas har ƙarshe, ruwa ya fito da zafin da ba ya taɓuwa, sai ya rage famfon zafi ya ƙara na sanyi don ya sirka. Rage famfon zafin nan ya sauke gudun ruwan da ke bi ta na'urar ƙasa da iyaka, wuta ta mutu, sanyi ya zubo masa. Ya yi maza ya rufe na sanyi ya buɗe na zafi, wuta ta sake kamawa, ƙuna ta biyo baya. Haka za a yi ta yi har a gama.

Gyaran shi ne a juya tsarin: a rage wutar a jikin na'urar har ruwan ya fito daidai yadda jiki ke so, a buɗe famfon zafi sosai, a bar na sanyi a rufe ko a ɗan taɓa shi kaɗan. Wannan ya fi muhimmanci a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da tankin rufi ke shan rana ruwansa ya shigo da ɗuminsa. Na'urori da yawa suna da makunni na uku mai hoton rana da na ƙanƙara, wanda ke rufe wani sashe na murhun a lokacin zafi.

Da sanyi kuma akasin haka ne. Lambar da ke jikin shofo, lita 6 ko lita 10, tana nufin yawan ruwan da zai iya ƙara wa zafin digiri 25 a minti ɗaya. Ruwan da ya kwana a tanki a watan Janairu ya sauka zuwa digiri 15 zai fito a digiri 40 idan an buɗe famfo duka, wato ɗumi mai daɗi amma ba zafi ba. Idan wani ya buɗe famfon kicin a lokacin, ruwan ya rabu biyu, mai wanka ya ji sauyi nan take. Wannan ba lalacewa ba ce, iyakar ƙarfin na'urar ke nan.

Farin ɓawo a cikin bututu

Duk mai dafa shayi ya san farin ɓawon da ke manne wa gindin buta idan ta daɗe tana aiki. Masu gyara suna ce masa kalker. Ma'adinan da ke narke a ruwa ne ke daskarewa idan ruwan ya yi zafi, kuma abin yana ƙaruwa sosai idan zafin ya haura digiri 60. Ruwan wani gari ya fi na wani yawansa, har rijiyoyi biyu a gari ɗaya kan bambanta, don haka butar gidan ita ce shaidar da za a duba. Idan ta yi ɓawo cikin 'yan watanni, bututun shofo ma yana yi.

Ɓawon yana ɓarna ta hanya biyu. Yana tsuke bututu ruwa ya ragu, yana kuma hana zafi ratsawa zuwa ruwa, sai ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, ma'aunin tsaron da ke jikinsa ya yanke gas. Idan ƙarfen ya huce wuta ta dawo. Alamarsa ita ce ruwa ya yi zafi matuƙa kafin ya ɗauke, a kuma riƙa jin ƙara kamar tukunya na shirin tafasa. Kan shawa da rariya ana iya jiƙa su a farin binegar su kwana. Bututun cikin na'ura kuwa aikin mai gyara ne, wanda zai zagaya da ruwan tsami na musamman a ciki ya kuma ɗauraye. Kada a yarda a zuba masa ruwan batir, yana cin ƙarfen. Shi kansa faifan robar nan yana tsufa, ya taurare ko ya tsage, kuma canza shi ba shi da tsada idan aka kwatanta da sabuwar na'ura.

Tukunyar gas da batir

Sai an gama da ruwa ake juyawa ga wuta. Tun da matatar SORAZ da ke arewacin birnin Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gas ɗin girki ya ƙara yaɗuwa a ƙasar, a tukwane masu kilo 6 da masu kilo 12.5. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne shofo ya fi murhun girki zuƙar gas nesa ba kusa ba. Mai lita 10 idan yana ci da dukan ƙarfinsa yana shan kusan kilo ɗaya da rabi a awa. Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa-ruwa ne, sai ya zama iska kafin ya fita, kuma wannan juyawar tana sanyaya tukunyar. Idan ana ja da sauri, ga sanyin asuba, ga tukunyar ƙarama ce ko ta kusa ƙarewa, sai jikinta ya yi raɓa, ƙarfin gas ya faɗi, harshen wuta ya ƙanƙance ya mutu. A bar ta ta huta rabin awa sai ta sake aiki, shi ya sa ake ɗauka aljanu ne a na'urar. Babbar tukunya ce ta dace da shofo. Kan da ke daidaita fitar gas, wanda masu gyara ke kira detandar, shi ma dole ya zama mai iya sakin abin da na'urar ke bukata. Ba a ɗumama tukunyar gas da wuta ko garwashi don a ƙara mata ƙarfi, ba a kuma kwantar da ita.

Yawancin na'urorin suna ƙyasta wuta da manyan batura biyu irin na tocila da rediyo. Idan sun yi rauni, za a ji ƙyas-ƙyas ɗin yana jan jiki, ko wuta ta kama ta mutu bayan daƙiƙa kaɗan, domin baturan ne ke riƙe ƙofar gas a buɗe. A canza su a farkon kowane sanyi. Wasu na'urorin kuma, musamman ƙirar Caina, an saka masu agogon da ke kashe wuta bayan minti 20 ana aiki ba tsayawa. A rufe famfo a sake buɗewa, za ta tashi.

Tsayawar da ba a wasa da ita

Wani lokaci na'urar tana mutuwa ne don iskar ɗakin ta lalace. Wutar gas tana cin iskar da mutum ke shaƙa, idan kuma iskar ta yi ƙaranci sai ta fara fitar da kabon monoksid, guba marar launi marar wari, irin wadda ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Na'urori masu kyau suna da abin da ke jin haka ya yanke gas. Alamar ita ce ta yi minti biyar ko goma tana aiki sannan ta mutu, ta ƙi tashi sai an buɗe ƙofa iska ta shiga. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma rawaya, ko baƙin hayaƙi ya bayyana a saman na'urar da bango, ko mai wanka ya fito da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a kashe gas a daina amfani da ita har mai gyara ya zo.

Akwai masu gyaran da, idan mai gida ya matsa masu, sukan haɗe wayoyin wannan mai gadin don na'urar ta daina tsayawa. Za ta daina kuwa, amma an cire abu ɗaya da ke tsakanin iyali da mutuwa. A Aljeriya, inda 'yan jihar Damagaram da yawa ke zuwa neman kuɗi, kuma shofo mai gas ya zama ruwan dare, hukumar agajin gaggawa tana sanar da mutuwar mutane ta wannan hanya a kowane lokacin sanyi. Wurin shofo mai gas shi ne waje, a bangon tsakar gida ƙarƙashin 'yar rumfa da ke kare shi daga iska, ko a wuri mai taga da bututun hayaƙi da ya fita sama. Ba a kafa shi a cikin bayin da ake rufewa. Gidan da ake wankan jego ya fi kowane bukatar kula da wannan, domin ruwa mai yawa ake ɗiba safe da yamma, na'urar ta daɗe tana ci. Jariri kuwa ba a tara shi a ƙarƙashin ruwan da ke sauya zafi. A tara a baho, a gwada da gwiwar hannu. Wanda gubar ta kama a fitar da shi sarari nan da nan a kai shi asibiti mafi kusa, ko da ya ce ya ji sauƙi.

Ga waɗanda ke zaune a Turai

Ɗalibai da ma'aikatan da suka je Faransa ko Beljiyam ko Ingila sukan tarar da kombi a kicin ɗin gidan haya. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafe ta, da ƙarin abubuwa kaɗan da suka zo daga aiki biyun da take yi.

A cikinta akwai ruwan da ke kulle, yana zagayawa tsakanin murhu da ƙarafan ɗumama ɗaki, ba ya haɗuwa da ruwan wanka. Agogon da ke gabanta ƙarfin wannan ruwan yake nunawa, kuma ya kamata ya tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 idan na'urar ta huce. Idan ya faɗi zuwa wajen 0.5, yawancinsu sukan tsaya su nuna lamba a fuska. Ana ƙara ruwan ta wani ɗan famfo da ke ƙasa, kamar yadda littafin na'urar ya nuna, amma idan yana faɗuwa duk mako to akwai inda yake yoyo.

Abu na biyu shi ne makarkatar da ke juya zafi daga ɗakuna zuwa famfo duk lokacin da aka buɗe ruwa. Idan ta maƙale, ruwan wanka kan fito da ɗumi-ɗumi, ƙarafan ɗaki kuma su yi zafi alhali ba a kunna su ba. Wani lokaci ma ba a samun ruwan zafi sai an kunna ɗumama ɗaki. Na uku shi ne wasu siraran faranti da aka jera, inda ruwan da ke kulle ke miƙa zafinsa ga ruwan famfo. Hanyoyinsu ƙanana ne, kalker da tsatsa na toshe su da wuri, musamman a Landan da Paris da ruwansu ke da ma'adini sosai. Idan sun toshe, zafi da sanyi kan riƙa musanya a kai a kai kamar da agogo. Akwai kuma ɗan ma'aunin zafi da ɗan abin jin gudun ruwa, waɗanda idan suka tsufa sukan ba ƙwaƙwalwar na'urar labarin ƙarya. A daren da aka yi ƙanƙara, farin bututun roba da ke fitar da ruwan tururi zuwa waje yana iya daskarewa ya tsayar da komai, ruwan ɗumi ake zuba masa daga waje. Ɗan sanyin da ke ratsowa na 'yan daƙiƙoƙi idan an rufe famfo an sake buɗewa kuwa halinta ne, ba cuta ba.

Ban da duba agogo da ƙara ruwa, ba a buɗe murfin kombi. A Ingila doka ta ce sai mai rajistar Gas Safe, tsarin da ya fara a 2009, kuma mai gidan haya ne ke da alhakin a duba kayan gas duk shekara. A Faransa ma wata doka ta 2009 ta wajabta dubawa sau ɗaya a shekara, sai dai a can galibi a kan ɗan haya nauyin yake, kuma ana ba shi takardar shaida da ya kamata ya adana.

Masu tanki: na lantarki da na rana

Waɗannan ba sa tsayawa ana tsakiyar wanka, ƙarewa suke yi. Tanki mai lita 50 da ƙarfen ɗumama mai wat 1,500 yana bukatar kimanin awa ɗaya da rabi kafin ya kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60. Mutum biyu sun yi wanka, na uku ya tarar da sanyi. Idan wutar ta zo da rauni, a ce bolt 180 maimakon 220, zafin da ƙarfen ke bayarwa yana sauka zuwa kashi biyu cikin uku, awa ɗaya da rabin nan ta haura awa biyu. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogara da layin da ya taso daga Katsina, kuma mutane ba su manta yadda aka sha duhu ba bayan da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023. Saboda haka tambayar farko a nan ita ce ko an samu wuta da dare. Idan an samu kuma ruwan bai yi zafi ba, sai a duba ɗan madannin tsaro da ke faɗuwa idan zafi ya wuce kima, da ƙarfen ɗumamar da kalker ya lulluɓe. Duk wanda ya ji ɗan jan lantarki a famfo ko a ruwa ya kashe wutar daga mita, kada kowa ya sake shiga bayin.

Na rana yana da tarihi a ƙasar nan. An kafa ofishin ONERSOL a 1965, kuma a ƙarƙashin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, an riƙa ƙera shofo mai aiki da rana a cikin gida. Ba ya bukatar gas ko batir: ruwan da ya yi zafi a faranti yana hawa da kansa zuwa tankin da ke sama, mai sanyi ya sauko. Ruwansa ya fi zafi da la'asar. Idan gidan ya kwashe shi da magariba, ruwan sanyi ne ya maye gurbinsa, kuma babu ranar da za ta ɗumama shi kafin asuba. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a gilashi tana rage masa ƙarfi daidai lokacin da aka fi bukatarsa, don haka a riƙa goge shi da sassafe kafin ya yi zafi. Idan ruwan gari ya ɗauke tankin ya yi ƙasa, iska kan shiga bututu ta tsayar da zagayawar, famfo ya riƙa tofar da ruwa da iska. Irin mai bututan gilashi kuma ba a cika shi da tsakar rana idan ya bushe, ruwan sanyi na fasa gilashin da ya gasu.

Kafin a kira mai gyara

Ba kowane gari ke da ƙwararren mai gyaran shofo ba, kuma wanda zai taso daga Magarya ko Damagaram kuɗin mota ma abin lissafi ne. Zai fi sauƙi ya zo da kayan da ya dace idan aka faɗa masa a waya lokacin da abin ke faruwa, da safe ne ko koyaushe, a famfo ɗaya ne ko a duka, daƙiƙa nawa gorar lita ɗaya da rabi ta ɗauka kafin ta cika, da ko ruwan yana yin zafi sosai kafin ya ɗauke ko kai tsaye yake sanyi. A leƙa ta 'yar tagar da ke gaban na'urar a ga ko wutar mutuwa take yi ko ƙanƙancewa, da kuma launinta. A ɗauki hoton takardar da ke manne a gefenta mai ɗauke da suna da lamba a tura masa ta WhatsApp, domin faifan roba na wannan ƙira ba ya shiga waccan.